Shin lilo yana juya wa ƙaramin yaro ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Wata uwa ta rubuto tana cewa 'yarta mai shekara biyu da wata bakwai ta ƙwallafa rai a kan lilo. Akwai shi a makarantar da yayanta yake zuwa, duk ranar da aka je ɗauko shi sai ta hau, in an sauke ta kuwa sai kuka har da birgima. Surukarta ta ce a daina ɗora ta, wai lilo yana juya ƙwaƙwalwar yaro, yana sa ya tashi da ciwon jiri. Tana son ta san gaskiyar maganar, kuma ko za ta iya sa a haɗa mata guda a gida.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Ki bar ta ta hau lilonta. Aikina gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓin yara, abin da a asibiti ake ce wa fisiyo, kuma lilo yana cikin kayan aikinmu. Da gangan muke ɗora yaron da zama ke ba shi wuya, ko wanda tafiyarsa ta yi jinkiri, a kan abin da zai riƙa kai shi yana komo da shi, muna tallafe da shi. Da lilo yana taɓa ƙwaƙwalwa, da mu ne za mu fara hanawa.

Amma kada ki yi watsi da maganar Hajiya, domin tsoron nata yana da tushe. Akwai girgizar da ke kashe jariri ko ta nakasa shi. Ita ce wadda babba yake yi in kukan jariri ya ishe shi, ya kama shi ta ƙirji ko ta kafaɗa ya yi ta jijjiga shi da ƙarfi. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba, kansa kuma yana da nauyi, sai kan ya riƙa fizguwa gaba da baya, ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai su tsinke. Daga nan sai makanta, ko farfaɗiya, ko shanyewar jiki, ko rasa rai. Yawanci 'yan ƙasa da shekara ɗaya abin yake samu. Lilo ba haka yake ba. Wanda sarƙarsa ta kai mita 2 yana cin kusan daƙiƙa 3 kafin ya je ya dawo, kuma kai da gangar jiki tare suke tafiya, babu inda ɗaya ya fizge ya bar ɗaya.

Abin da ke sa ta kuka in an sauke ta yana can cikin kunnenta. Bayan dodon kunne, a cikin ƙashin kai, Allah ya halicci wasu 'yan bututu guda uku a kowane gefe, lanƙwasassu kamar zobe, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren. In kai ya juya, ruwan yana ɗan jinkiri kafin ya bi shi, sai ya tura wasu siraran gasu da ke ciki, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa an juya, ga inda aka juya, ga saurin. A gefensu akwai 'yan jakunkuna biyu da ke ɗauke da ƙananan duwatsu, sinadarinsu ɗaya da na alli. Su ne ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa, ko da idonsa a rufe, su ne kuma ke sa ki ji an ja ki baya in mota ta tashi. Duka abin bai wuce kan ɗan yatsa ba, amma ba don shi ba da babu mai iya tsayuwa daram. Yana fara aiki tun yaro yana ciki, sai dai ƙwaƙwalwa tana ɗaukar shekaru tana koyon haɗa saƙonsa da abin da ido ke gani da abin da tafin ƙafa ke ji. Koyon nan kuwa ba a zaune ake yin sa ba, sai jiki ya motsa, ya karkata, ya faɗi ya tashi. Yaro mai shekara biyu zuwa uku yana tsakiyar wannan karatun, shi ya sa jikinsa ke neman motsi kamar yadda yake neman abinci.

Ita kanta Hajiya ta yi wa nata 'ya'yan wannan horon. Yaron da aka goya ana daka, ana shara, ana sunkuyawa ana miƙewa, ana tafiya rijiya, kunnensa na ciki yana shan motsi tun safe har dare. In ya yi rigima kuma a saɓa shi a kafaɗa a riƙa jijjiga shi a hankali har barci ya ɗauke shi. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar Janeba da ke Suwizalan suka kwantar da manya a kan gadon da ke lilo sannu sannu, zuwa da dawowa ɗaya cikin daƙiƙa 4, suka ga sun fi saurin yin barci a kan lokacin da gadon yake tsaye cak. Abin da kakanninmu suka sani da hannu ne aka auna da na'ura. Lilon asibiti kuma ya samo asali ne daga aikin wata Ba'amurkiya, Jean Ayres, wadda a shekarun 1960 da 1970 ta yi nazarin yadda ƙwaƙwalwar yaro ke tattara saƙonnin gaɓoɓi. Masu sayar da kayan wasa suna ƙara wa maganarta gishiri, har su ce lilo yana ƙara basira. Ni ba zan gaya miki haka ba. Abin da na tabbatar shi ne yana horar da daidaiton jiki, yana ƙarfafa riƙo da tsokar ciki da ta baya, yana kuma kwantar da hankalin yara da yawa.

Ranar da kika sake kai ta, kada ki tsaya a bayanta. Ki tsaya ta gaba, ki riƙa tura kujerar daga nan, ki kalle ta sosai. In lilon ya yi baya za ki ga 'yan yatsunta sun ƙara damƙe sarƙa, cikinta ya ɗaure, haɓarta ta ɗan sauko. In ya kai ƙarshe akwai wani ɗan lokaci da take jin kamar ba ta da nauyi, sai idon ya buɗe, numfashi ya tsaya, sannan dariya ta kufce mata yayin da take gangarowa wurinki. Ki lura kuma duk wannan kai da komowar idonta yana kan fuskarki, bai kauce ba. Kunnen ciki ne ke juya ƙwayar ido daidai da motsin kai, shi ne ke sa ki iya karanta allon shago kina tafiya. Ki yi mata magana a lokacin, ki ce "sama", ki ce "ƙasa", ki taɓa tafin ƙafarta duk sanda ta iso, ki yi shiru ki jira ta ce "ƙara". Yaron da bakinsa ya yi nauyi, sau da yawa a kan lilo muke fara jin kalmarsa, saboda yana son abin har ransa kuma ya gane sai ya nema za a ba shi.

Kada ki damu don ba ta iya tura kanta ba. Miƙe ƙafa in ana gaba, naɗe ta in ana baya, a kan lokaci, aiki ne babba, galibin yara sai wajen shekara huɗu zuwa biyar suke kama shi, wasu har shida. In kuma akwai kujera biyu, ki ɗora ta gefen sa'arta. A shekarar 2017 an yi wani gwaji a Jami'ar Washinton da yara 'yan shekara huɗu waɗanda ba su san juna ba. Waɗanda aka yi wa lilo tare, zuwansu ɗaya dawowarsu ɗaya, sun fi sauran saurin haɗa kai a ɗan aikin da aka ba su bayan sun sauka.

Maganar jiri kuwa, ai kin san wasan hajijiya. Yaro ya yi ta juyi, in ya tsaya ruwan cikin bututun nan bai tsaya ba, sai kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce an tsaya, ƙasa ta riƙa yi masa yawo. Cikin ɗan lokaci ruwan ya lafa, shi ke nan, ba ya barin ciwo. Lilon gaba da baya bai cika kawo shi ba, murɗe sarƙa a saki ta warware ne ke kawo shi, wannan kuwa ki hana manyan yara yi mata. Duk da haka 'yan shekara 2 zuwa 12 sun fi kowa saurin tashin zuciya daga motsi, don haka kada ki ɗora ta daga cin tuwo. In kika ga dariya ta ɗauke, ta yi tsit, tana hamma, gumi ya feso mata a goshi, ki riƙe sarƙar a hankali ki sauke ta. Jirin da zai sa ki ga likita shi ne wanda ke zuwa ba tare da wasa ba, yaro yana tangaɗi haka kawai, ko kunne yana zubar da ruwa, ko kina kira ba ya waiwayowa. Mai farfaɗiya kuma a fara jin ta bakin likitansa.

Inda nake so ki kai tsoron Hajiya shi ne ƙasan da ke ƙarƙashin lilon. A Amurka, inda ake tattara alƙaluman, yara fiye da 200,000 'yan shekara 14 zuwa ƙasa ake kaiwa sashen gaggawa kowace shekara saboda raunin da suka ji a wuraren wasa, kuma faɗuwa ce ta fi kawo su. Abin da nake gani a wurin aiki ke nan. Makarantu da wuraren wasa da yawa a garuruwanmu suna shimfiɗa intalok ko siminti don wuri ya yi kyau a ido, sannan a dasa lilo a kai. Raina yana ɓaci duk sanda na gani.

Akwai wani yaro ɗan shekara biyar da ba na mantawa. Da Sallah aka kai su wurin wasa, ya miƙe tsaye a kan kujerar lilo don ya burge 'yan'uwansa, ƙafa ta zame, ya kai hannu zai dafa ƙasa, ƙasan kuwa intalok ne. Ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu. Aka kai shi wurin ɗori, aka jera kara aka ɗaure tamau. Hannu ya kumbura a cikin ɗaurin, jini ya kasa wucewa, yaro yana ta kuka ana cewa ai zafin karaya ne. Sai da 'yan yatsu suka yi sanyi suka daina motsi aka nufi asibiti. Allah ya taimaka ba a yanke hannun ba, amma yatsun sun ƙanƙance kamar mai damƙe da wani abu. Watanni muka yi muna miƙar da su, yana kuka uwar tana kuka, ranar da ya iya riƙe cokali da kansa kuwa har ni sai da na share hawaye. Karayar wannan wurin ita ce ta fi yawa a gwiwar hannun yara, kuma babbar jijiyar jini da jijiyoyin motsa yatsu a jikin ƙashin suke wucewa. In yaro ya faɗi gwiwar hannu ta kumbura, asibiti za a nufa a ɗauki hoto, kada a ɗaure.

To, in za ki sa a haɗa a gida, ki fara da yashi kafin ki kira mai walda. A haƙe wurin a zuba yashi mai laushi zurfin santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Daɓe ko busasshiyar ƙasar tsakar gida ba su da maraba da siminti in rani ya yi. Yashin ma yana daskarewa, musamman bayan damina, kuma ƙafafun yara suna tone rami daidai ƙarƙashin kujera, sai an riƙa kaftarsa ana mayar da shi. Ki riƙa dubawa saboda kunama da fasasshiyar kwalba da kashin kyanwa. Hukumar da ke sa ido kan ingancin kayan amfanin jama'a a Amurka, CPSC, ta ce filin da za a bari gaba da baya ya zama ninki biyu na tsayin ƙarfen da aka rataya lilon. In tsayinsa mita 2 ne, a bar mita 4 a gaba, mita 4 a baya, da kusan mita 2 a kowane gefe, babu katanga, babu randa, babu murhu, babu igiyar shanya. In tsakar gidanku bai kai haka ba, a rage tsayin zuwa mita ɗaya da rabi, ya ishe ta a shekarunta. A binne ƙafafun da kankare don kada ya tuntsure, amma kankaren ya nutse ƙarƙashin yashi.

Kujerarta ta zama mai kama da bokiti, wadda ta kewaye ta gaba da baya da ramukan zura ƙafa. Irinta ake so ga duk wanda bai kai shekara huɗu ba, kuma jariri ma zai iya shiga da zarar ya iya zama da kansa ba tallafi. Ki ƙi yarda da kujerar ƙarfe ko ta katako, komai kyan fentinta. Masu walda suna son yin benci mai nauyi wanda yara uku za su hau, wannan in ya dawo ya sami goshin yaro tamkar guduma ne. Roba ake so mara nauyi. Tsohuwar taya ma tana yi, in an duba babu wayar da ta fito, an kuma huda ƙasanta don kada ruwa ya kwanta sauro ya yi gida. Ƙugiyoyin da ke riƙe sarƙa a matse bakinsu har katin cirar kuɗi ya shiga da ƙyar, a zura sarƙar cikin tiyo daidai inda take riƙewa don kada ta datse mata yatsa. In a bishiya za a ɗaura yadda muka taso muna yi, a nemi ɗanyen reshe mai kauri irin na tsamiya, a duba gara, a kuma san cewa igiyar leda rana tana cinye ta, tana nan kamar lafiya sai ta tsinke rana ɗaya.

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ƙarfen da ya wuni a rana yana ƙona cinyar yaro, baƙar roba ma haka. Ki ɗora bayan hannunki tukuna, ki kuma zaɓi safiya ko bayan la'asar. Sai hijabi. Doguwar hijabi, gyale, zariyar riga, sarƙar wuya ko laya, kowanne yana iya maƙalewa a ƙugiya yayin da yarinya ke zamowa, ya shaƙe ta, kuma wanda aka shaƙe ba ya iya ihu. A cire ko a cusa cikin riga kafin a hau, kada kuma a bar igiya mai zarge tana reto in an gama wasa.

A shekarun 'yarki, hatsarin da na fi ji mata yana zuwa ne lokacin da take ƙasa. Yaro ɗan shekara biyu ba ya iya lissafin cewa abin da ya tafi zai dawo, sai ya hango ki ya ratsa ta gaban lilo a guje. Lokacin tashi daga makaranta kuwa 'yan firamare ne a kai suna cilla ƙafa iya ƙarfinsu. Ki riƙe hannunta har sai kujera ta tsaya, ki koya mata zagayawa ta nesa, ki yi ta maimaitawa ba gajiya. Kada ki bar wa yayanta turawa, yara ba su san iyaka ba, kuma son su ji ta yi ihu suke yi.

Tunda ana maganar lilo, bari in faɗi wanda iyaye maza suka fi yi, wato kama yaro ta tafin hannu a ɗaga shi ana wujijjiga shi. A 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu wannan yana gotar da kan ƙashi a gwiwar hannu, sai ki ga yaro ya saki hannun ya ƙi amfani da shi. Likita yana mayar da shi cikin ɗan lokaci, amma gara a ɗauke shi ta hammata.

In ta faɗi ta bugu a kai, ƙulun goshi da kukan da ya lafa ta koma wasa ba abin tashin hankali ba ne, ki sa mata tsumma mai sanyi ki sa ido a kanta kwana ɗaya zuwa biyu. Amma in ta suma ko na ɗan lokaci ne, ko tana ta amai, ko barci ya yi mata nauyi har tashinta yana wuya, ko ta yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, ko tafiyarta ta canza, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.

Saura kukan sauka. Ba taurin kai ba ne, an katse mata abu mai daɗi ne ba sanarwa. Ki gaya mata tun da saura, ki ce "saura goma mu sauka", ku ƙirga tare da ƙarfi, kina rage turawa, in an kai goma ki sauke ta ko ta yi kuka. Kada ki ƙara ko ɗaya, in kika ƙara yau gobe sai ta nemi ashirin. Cikin 'yan kwanaki za ki ji ita ke ƙirgawa. Ki sa wani abu ya biyo baya, ku yi tsere zuwa bakin ƙofa ko ta riƙe wa yayanta jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a wuni, a rarrabe. Lilon da ake tura yaro yana zaune ba zai cike wannan ba, minti goma zuwa sha biyar ya isa, sauran ta yi gudu, ta hau, ta tona yashi.

Ita kuma Hajiya kada ki kai mata maganar a matsayin an ce ba ta yi daidai ba. Ki ce mata kin tambaya, an ce gaskiyarta ne a ji wa kan yaro tsoro, shi ya sa za a zuba yashi a sa kujera mai kewaye. In an gama haɗawa ki roƙe ta ta zo ta sa albarka, ki ajiye mata tabarma ta gaban lilon, nesa kaɗan, inda jikar tata za ta riƙa ganin fuskarta duk sanda ta gangaro.